Cutar Bulimiya

Bulimiya larura ce ta ƙwaƙwalwa da ta shafi cin abinci. Mai fama da ita yakan ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, ya kasa janye hannunsa, sannan tsoron ƙiba ya sa ya nemi fitar da abin da ya ci: ko ya zura yatsa a maƙogwaro ya yi amai, ko ya sha maganin wankin ciki, ko ya wuni da yunwa, ko ya gallaza wa kansa da motsa jiki. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Gerald Russell, shi ya fara bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 1979. Likitoci kan tabbatar da ita idan abin yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3.

Ta fi kama mata, galibi tun suna 'yan mata, amma ba ta bar maza ba. Da yake yawancin masu ita ba su rame ba, kuma kunya kan sa su ɓoye, takan daɗe ba wanda ya gane ko a cikin gida.

Abin da ke jawo ta

Dalilan suna da yawa. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana da hannu, haka ma ciwon damuwa, fargaba, raina kai da gorin ƙiba tun yarinta. Yadda jama'a ke ɗaukaka siririn jiki ma yana taimakawa: a ƙasar Fiji, wata mai bincike, Anne Becker, ta gano cewa janyo amai don rage ƙiba ya bayyana tsakanin 'yan matan makaranta bayan shigowar talabijin a 1995.

Sai dai babban abin da ke riƙe cutar shi ne takura wa kai a ci. Mutum ya hana kansa abinci, yunwa ta ci ƙarfinsa, ya afka wa abinci, nadama ta biyo baya, ya yi amai, ya sake ɗaura ɗamarar yunwa fiye da da. Shi ya sa kiran wannan hali haɗama zalunci ne ga maras lafiya. Aman ma ba ya fitar da duk abin da aka ci, maganin wankin ciki kuwa akasari ruwa yake zubarwa.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Ruwan ciki mai tsami da ke fitowa da aman yana cinye haƙora, kumatu su kumbura, bayan yatsu ya yi kanta saboda gogar haƙora. Mafi haɗari shi ne raguwar sinadarin fotashiyam a jini, wadda kan rikita bugun zuciya har ta kai ga mutuwa.

Magani

Hanyar da ta fi tasiri ga manya ita ce zama da ƙwararre don gyara tunani da ɗabi'a, tsarin da wani likitan ƙwaƙwalwa, Christopher Fairburn, ya inganta a Jami'ar Oxford, mai ɗaukar zama kusan 20. Matakin farko shi ne komawa cin abinci a kan lokaci, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, domin a hana yunwar da ke tunzura mutum. Daga nan a tunkari yadda yake auna darajarsa da nauyin jikinsa. Ga matasa kuwa, akan sa iyaye cikin jinyar.

A ɓangaren ƙwayoyi, an fi ba da fluoxetine, wani maganin ciwon damuwa, yawanci miligiram 60 a rana bisa umarnin likita. Ba a ba masu bulimiya bupropion, wanda shi ma maganin ciwon damuwa ne, domin yana iya jawo musu farfaɗiya. Da yawa suna warkewa sarai, ko da yake cutar kan dawo lokacin matsin rayuwa, don haka ake ci gaba da bibiyar maras lafiya bayan an gama zaman.