Huda jiki da zanen tatu: illolinsu ga lafiyar matasa

Huda jiki shi ne ɓula wata gaɓa, kamar kunne ko hanci ko leɓe ko harshe ko cibiya, don a maƙala ƙarfen ado. Tatu kuwa zane ne da ake yi ta hanyar cusa tawada a cikin fata da allura, ta zauna daram ba ta wankuwa. Abin da ya haɗa su a wajen likitoci guda ne: duka biyun rauni ne da aka yi da gangan a kan fata, wadda ita ce katangar jiki ta farko. Yawancin masu yi suna warkewa lafiya lau. Waɗanda suka gamu da matsala kuwa, in aka bi diddigi, sai a tarar ta fito daga kayan aikin da ba su da tsafta, ko daga tawada da ƙarfen da aka bari a jiki, ko daga gaɓar da aka zaɓa.

Asali

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Gawar wani mutum da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, a kan iyakar Italiya da Austriya, a 1991, ta kai kimanin shekara 5,300, kuma an ƙirga zane 61 a jikinta. Kalmar tatu ta fito ne daga tsibiran Tekun Pasifik, ta shiga Turanci bayan tafiyar matuƙin jirgin ruwan Birtaniya James Cook zuwa tsibirin Tahiti a 1769. A 1891 wani mai zanen tatu, Samuel O'Reilly, ya yi rajistar injin zane mai aiki da lantarki a birnin New York, daga nan aikin ya yi sauri ya kuma yi araha. A yau abin ya zama ruwan dare a Turai da Amurka: binciken 2023 na cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Pew ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manya a Amurka suna da tatu, kuma kashi 24 cikin ɗari na masu shi sun yi da-na-sanin aƙalla ɗaya.

A ƙasar Hausa an saba da tsaga, wadda wanzami ke yi da aska don nuna asali ko don ado, da kuma huda kunnen 'ya mace tun tana jaririya. Tatu na inji baƙo ne, ya shigo ta hannun 'yan ƙwallo da mawaƙa da hotunan intanet. Musulunci ya haramta shi, domin hadisin da ya la'anci mai yin zanen da mai neman a yi mata ya zo a Bukhari da Muslim, yayin da galibin malamai suka halatta huda kunnen mace. Wannan yana da tasiri ta fuskar lafiya. Abin da jama'a ke ƙyama a ɓoye ake yin sa, kuma yaron da ya yi zane a ɓoye, in wurin ya ruɓe, ɓoye shi zai ci gaba da yi har sai ya gagara.

Cututtukan da ke bin jini

Injin tatu yana soka fata sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti guda, yana ajiye tawada a zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Jini kan fito, ko da kaɗan ne. In aka yi wa mutum biyu aiki da allura ɗaya, ko aka tsoma sabuwar allura a kwalbar tawadar da aka riga aka yi amfani da ita, ƙwayar cuta tana iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Wadda likitoci suka fi tsoro ita ce ciwon hanta nau'in B. Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma ƙwayar ƙanjamau ba ta daɗewa a wajen jiki, alhali ƙwayar hanta nau'in B tana iya yin aƙalla kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba. Ɓarkewar wannan cuta ce ta sa birnin New York ya hana sana'ar tatu ɗungurungum a 1961, ba a ɗage haramcin ba sai 1997. Nau'in C ma yana bin wannan hanya, musamman a zanen da ake yi a gidajen yari ko tsakanin abokai, kuma shi ba shi da rigakafi. Dukansu suna iya shekara da shekaru a jiki shiru, sai daga baya hanta ta ƙandare ko daji ya kama ta.

A Najeriya lamarin ya fi nauyi saboda yawan masu ɗauke da cutar. Babban binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in B. Wato in mutum goma sha biyu suka yi layi a gaban allura ɗaya, ana kyautata zaton ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ita bai sani ba. Rigakafinta ya shiga jerin alluran jarirai na ƙasar a 2004, don haka da yawa daga waɗanda aka haifa kafin nan, da waɗanda ba a kai su asibiti ba, babu abin da ke kare su. Goge allura da sifirit ko lasa mata wutar ashana ba ya wadatarwa. Abin da ke kashe ƙwayoyin shi ne tukunyar turara kayan aiki ta asibiti, mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko kuma sabuwar allurar da aka ɓare a gaban mai ita aka jefar bayan an gama.

Ruɓewar rauni, gaɓa gaɓa

Matsalar da ta fi yawa ita ce ƙananan ƙwayoyin cuta su shiga raunin, ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya. Amma gaɓoɓi ba ɗaya suke ba. Tattausan ƙasan kunne yana da wadatar jini, yakan warke cikin mako shida zuwa takwas. Saman kunne kuwa guringuntsi ne, jini bai cika isa gare shi ba, yakan ɗauki wata huɗu har zuwa shekara. In wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas ta shige shi, tana iya cinye guringuntsin cikin 'yan kwanaki, kunnen ya tattare ya lanƙwashe har abada. Bindigar huda kunne da ake gani a shagunan kayan kwalliya ta fi yin ɓarna a nan, domin murƙushe nama take yi, kuma robar jikinta ba ta jure tukunyar turarawa. Cibiya ma tana jinkirin warkewa, saboda gumi da gugar tufafi.

Harshe shi ne mafi haɗari. Baki cike yake da ƙwayoyin cuta, harshe kuma cike da jijiyoyin jini. Yakan kumbura bayan huji, kuma an sha samun waɗanda ciwon ya gangara ƙarƙashin haɓa har ya nemi toshe numfashi. Ko an warke, ƙarfen yana ƙwanƙwasar haƙora ya fasa su, yana kuma goge dasashi har saiwar haƙori ta bayyana. Ga masu lalurar zuciya tun haihuwa, ƙwayar cutar da ta shiga jini tana iya maƙalewa a ƙofofin zuciya. Yankin Wales na Birtaniya ya hana huda harshen wanda bai kai shekara 18 ba tun 2018.

Sandarau, wato tetanus, yana iya biyo bayan duk hujin da aka yi da ƙazamin ƙarfe ko ƙaya, musamman in an cusa tsinke a ramin don kada ya toshe.

Tawada da ƙarfe

Tawada ba ta tsayawa inda aka sa ta kawai. Wani ɓangare nata yana tafiya zuwa kaluluwa, har likitocin tiyata kan tarar da kaluluwar mai tatu ta rine. Jar tawada ce ta fi haddasa borin fata, da ƙaiƙayi da kumburin da kan taso ko bayan shekaru. Wani lokaci kuma tawadar ce da kanta ke zuwa da cuta daga masana'anta: a ƙarshen 2011, a garin Rochester na jihar New York, mutum 19 suka kamu da ciwon fata daga tawada mai launin toka, duk da cewa mai zanen yana kiyaye tsafta. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu daga Janairun 2022. Game da daji kuwa, wani bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin a 2024 ya ga ƙarin kashi 21 cikin ɗari na dajin kaluluwa a tsakanin masu tatu, sai dai alaƙa ce aka gani, binciken bai nuna cewa tatu ne sanadi ba.

A ɓangaren huji, babban mai laifi shi ne ƙarfen nikel da ke cikin 'yan kunne masu araha. Shi ke sa kunne ya yi ta ruwa da ƙaiƙayi, kuma da zarar jiki ya ƙi shi, ya ƙi shi ke nan.

Akwai kuma baƙin lalle, wanda mata ke kira dayis. Ba a huda fata wajen yin sa, shi ya sa ake ganin ba komai ba ne, amma baƙin nasa daga sinadarin rina gashi ne mai suna PPD, wanda kan sa fata ta yi bororo daidai da siffar zanen, ta bar tabo. Jan lalle na gargajiya bai cika yin haka ba.

Tabo mai tudu

Ga baƙar fata, wannan ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wasu mutane in sun ji rauni, tabon ba ya tsayawa a iyakar raunin, sai ya yi ta girma ya zama ƙullutu mai tauri da ƙaiƙayi. Likitoci na kiran sa kiloid. Ya fi kama baƙaƙen fata, yana bin dangi, kuma ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, daidai lokacin da ake sha'awar ƙara huji na biyu da na uku. Kunne da ƙirji da kafaɗa su ne wuraren da ya fi so. Wani binciken likitocin yara a Amurka ya nuna ya fi fitowa ga waɗanda aka huda bayan sun kai shekara 11, abin da ke nufin iyayenmu mata da ke huda kunnen jaririya sun dace ta wannan fuskar. Maganinsa akwai wuya: in aka yanke shi kawai, sau da yawa yakan dawo ya fi da girma, sai an haɗa da allurai a cikin tabon ko matse wurin na watanni.

Doka da gogewa

Birtaniya ta haramta yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 tatu tun 1969. A Najeriya, sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana yi wa yaro tatu ko tsaga.

Goge tatu ya fi yin sa tsada da wahala nesa ba kusa ba. Ana amfani da hasken leza a farfasa tawadar, a zama da yawa da tazarar makonni a tsakani. Baƙar tawada ta fi saurin gushewa, kore da rawaya kan yi taurin kai. A baƙar fata hasken yana iya kama launin fatar tare da tawadar, ya bar farin tabo a siffar zanen. Masu ƙoƙarin cirewa a gida da gishiri ko ruwan batir ko dutsen guga kan ƙare da ƙuna, wadda ita ma kan zama kiloid.