Waiwaye: Yadda Aka Koyi Gane Lafiyar Rafi, da Abin da Ya Shafi Jakara

Tsawon ƙarnoni, ido da hanci kaɗai mutane ke amfani da su wajen yanke hukunci a kan rafi: idan ruwan ya yi garau kuma ba ya wari, an ɗauka lafiyarsa ƙalau. Bunƙasar masana'antu a Turai a ƙarni na 19 ce ta nuna gazawar wannan ma'auni, domin ruwa yana iya yin fari tas alhali babu abin da zai rayu a cikinsa. A farkon ƙarni na 20 wata hukuma da gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa binciken ruwan bahaya ta amince da gwajin kwana 5, wanda ke auna yawan iskar oksijin da ƙazanta ke cinyewa a cikin ruwa, kuma har yau ana aiki da shi.

Sai dai kwalbar ruwan da aka ɗebo ba ta faɗin komai sai halin da rafin yake ciki a lokacin da aka ɗebe ta. Masana'antar da ta saki dagwalonta da tsakar dare tana iya tsira idan mai gwaji ya zo da hantsi. A 1908 da 1909 wasu Jamusawa biyu, Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson, suka fitar da jerin tsirrai da ƙananan dabbobin ruwa bisa gwargwadon ƙazantar da kowannensu ke iya jurewa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: halittar da ke zaune a ƙasan rafi wata da watanni ba ta da inda za ta gudu, saboda haka kasancewarta ko rashinta shaida ce a kan abin da ya ratsa ruwan. A 1964 wani masani mai suna Woodiwiss ya mayar da wannan tunani lissafin maki a Kogin Trent na Ingila, a 1981 James Karr na Amurka ya yi makamancinsa da kifaye, Tarayyar Turai kuma ta sanya shi cikin dokarta ta ruwa a 2000.

Aikin kansa ba ya buƙatar kayan tsada. Mai bincike yana shiga rafi, ya kafa ƙaramar koma a ƙasan inda ya tsaya, ya tuttuƙa tsakuwa da yashi da ƙafa na 'yan mintuna, sannan ya juye abin da ruwa ya kwaso a farin faranti. Idan ya ga 'ya'yan ƙwarin nan masu siraran wutsiyoyi uku da ke maƙalewa a ƙarƙashin duwatsu, ko waɗanda ke gina wa kansu kube da ƙwayoyin yashi, ya san akwai wadatar iska a ruwan. Idan kuwa jajayen tsutsotsi da matsattsaku ne suka cika farantin, rafin yana shaƙewa. Ganin tarwaɗa ba hujja ba ce, tunda tana iya shaƙar iska daga sama ta rayu a inda sauran kifaye suka ƙare.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga Kano saboda Jakara, rafin da ya ratsa birnin. A gefenta aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, amma yau kwatamin birni ne ke kwarara cikinta, sannan rafin Getsi ya haɗe da ita ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, kafin ta isa madatsar Wasai da ke Minjibir. Masu bincike daga Jami'ar Bayero sun sha auna ƙarafa masu guba a ruwan, ciki har da kuromiyam da ake jeme fata da shi, kuma da wannan ruwa ne manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafo da ake kai wa kasuwannin birni. Dokoki ba su yi ƙaranci ba: an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1988 bayan badaƙalar sharar gubar da aka jibge a garin Koko, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, NESREA, kuma ta biyo baya a 2007. Abin da ya fi damuna shi ne hankali ya fi karkata ga abin da ke fita daga bakin bututu, ba ga abin da ya rage da rai a rafin ba.

Kwaso ma'aunin Turai kai tsaye ba zai wadatar ba, domin yawancin rafukan Arewa suna ƙafewa da rani su cika da damina, kuma halittunsu daban ne. Afirka ta Kudu ta gane haka ta tsara nata ma'aunin, SASS, wanda aka fitar da zubi na biyar nasa a 2002, har ta sauƙaƙa shi yadda 'yan makaranta za su iya aiki da shi. Kano na buƙatar irin wannan: a samo rafukan karkara da ba su gurɓace ba domin kwatantawa, a ware wurare a kan Jakara da Getsi da Salanta, a riƙa duba su damina da rani, a kuma wallafa sakamakon da Hausa inda manoma da masu unguwanni za su gani.