Buɗe reshe, haɗe rassa da sake tsari: amsoshin tambayoyin matasanmu na Sudan

Na daɗe ina riƙe da littafin rajista na wata ƙungiyar matasan Hausawa a nan Sudan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tambayoyin da ake aiko mini suka sake kama. Da ana tambayar yadda za a shirya gasar ƙwallo ne ko darasin yamma. Yanzu tambayar ita ce: reshenmu ya watse, ya za mu yi? Na tattara waɗanda suka fi yawan zuwa. Ku riƙe abu ɗaya tun daga farko: duk inda maganata ta saɓa wa nizamin ƙungiyarku, wato kundin tsarinta, to nizamin ne gaba.

Yaya, mu kusan ashirin ne a wata unguwa a Gadarif, muna son buɗe reshe. Daga ina za mu fara?

Ƙanena, ku fara da aiki. Hatimi da allon suna su jira. Na sha ganin matasa sun sassaƙo hatimi, sun raba muƙamai goma sha biyu a tsakaninsu, kafin wata uku ba mai amsa kiran taro. Ku zaɓi mutum uku zuwa biyar a matsayin lajna tamhidiyya, kwamitin share fage, wanda aikinsa shi ne rubuta sunaye, kiran taro da karɓar ishtiraki, kuɗin wata-wata. Ku yi wata shida a haka. A cikin watannin nan ku yi gayya ko da sau biyu ne, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir: yashe kwata kafin damina, ko gyaran katangar makarantar allo. Wanda ya fito gayya ya kuma biya ishtirakinsa, shi ne ɗan ƙungiya. Sauran masu fatan alheri ne, kuma ba laifi.

Daga nan sai ku rubuta wa uwar ƙungiya takarda. Ku faɗi sunan unguwa da iyakarta, ku haɗa da sunayen mambobi da sa hannun kowa, da mahadar na tarurrukan da kuka yi, wato abin da aka rubuta na kowane zama, da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Uwar ƙungiya ta turo wakili ya gani da idonsa. In ta amince, sai a kira jam'iyya umumiyya, babban taron dukkan mambobi, a zaɓi shugabanni a gaban wakilin, lajna tamhidiyya kuma ta sauka a ranar.

Tunda a Gadarif kuke, kada ku sa wannan taro lokacin yankan riɗi ko girbin dawa. Rabin mutanenku suna gonaki a lokacin, kuma wanda aka yi zaɓe ba ya nan zai dawo yana ganin an yi masa yankan baya.

Dole ne reshe ya yi rajista da hukuma, ko takardar uwar ƙungiya ta isa?

Ya danganta da ƙofar da uwar ƙungiyar ta shiga. Ƙungiyoyin sa-kai da na jin ƙai suna ƙarƙashin dokar 2006, kuma Mufawwadiyyar Aunul Insani, hukumar kula da ayyukan jin ƙai, ce ke yi musu rajista. Dokar ta nemi waɗanda suka kafa ƙungiya kada su gaza mutum 30, ana kuma sabunta rajistar duk shekara. Kulob-kulob na wasanni da cibiyoyin matasa kuwa hanyarsu ta ma'aikatar matasa da wasanni ce.

Reshe ba sabuwar ƙungiya ba ne, da sunan uwarsa yake tafiya. Saboda haka abin da za ku fara dubawa shi ne ko takardar uwar tana da rai, ko kuwa an yi shekara biyu ba a sabunta ta ba. Sannan ku duba a ina aka yi ta. Ƙungiyar da ta yi rajista a wilayar Sinnar, wato jihar Sinnar, kaɗai ba za ta kafa allo a Kasala ta ce takardar Sinnar ta wadatar ba. Sudan wilaya 18 ce, kowace da ofisoshinta. Ku ɗauki takardar uwar ƙungiya da wasiƙar amincewarta ku je ofishin wilayar da kuke, ku sanar da mahalliyyarku, wato ƙaramar hukumarku, ita ma. A lokacin yaƙi irin wannan, taron matasa da ba a san da shi ba yana jawo tambayoyin da ba ku buƙata.

Unguwa ɗaya za ta iya ɗaukar reshe biyu?

In tazara ce ta jawo, ko yawan mutane, e. In kuwa wanda ya faɗi zaɓe ne ya kwashi abokansa, a'a. Uwar ƙungiya kada ta ba rigima hatimi. A kira dattawa a yi sulhu.

Malam, reshenmu na Madani ne. Yanzu wasunmu suna Kasala, wasu Bur Sudan, wasu sun koma gida. Mu haɗe da rassan garuruwan da muke?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ne na ga an fi yin gaggawa. Madani ta fita hannun soja a Disambar 2023, mutane suka fantsama gabas. A Janairun 2025 soja suka karɓe ta, jama'a suka fara komawa. Sinja ma haka: ta faɗi a Yunin 2024, aka dawo da ita a Nuwambar shekarar. Duk reshen da aka rushe ko aka narkar da shi cikin wani a tsakanin nan, da mutanensa suka koma gida sai suka tarar ba su da suna, ba littafi, ba asusu, sai an faro daga tushe.

Shawarata ita ce ku bambanta abu uku. Akwai dakatarwa: uwar ƙungiya ta rubuta cewa reshen Madani yana nan, aikinsa ne aka jingine, littafinsa da kuɗinsa suna amana a hannun wane da wane. Akwai baƙunta: ɗan reshen Madani da ke Kasala ya shiga aikin reshen Kasala, ya biya ishtirakinsa a can, a ba shi bakin magana a taro, amma sunansa na asali yana littafin Madani. Sai kuma haɗewa, wadda ita ba a komawa baya cikin sauƙi. Gudun hijira na buƙatar biyun farko ne. Haɗewa sai in mutane sun tabbatar sun zauna ke nan, sun kama sana'a, yara sun shiga makaranta.

Kakanninmu sun san wannan bambanci. Waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da niyyar wucewa gabas suka taso, amma suka kafa gari a bakin kogin Nilul Azrak wanda har yau yake ɗauke da sunansa. Wasu kuma a hanyar hajji suka yada zango na shekara ɗaya, ya zama na har abada. Lokaci ne ke nuna wanne ne zango, wanne ne gida. Ku ba shi dama ya nuna kafin ku yaga littafi.

Abu ɗaya game da baƙunta: a fayyace maganar ƙuri'a tun da wuri. Ni ina ganin baƙo ya yi wata shida yana biya kafin ya jefa ƙuri'a, kuma kada mutum ya yi zaɓe a rassa biyu.

To in haɗewar ce ta zama dole, yaya ake yin ta?

Kowane reshe ya fara zama shi kaɗai. Kada a tara su wuri ɗaya a ce a ɗaga hannu, domin babban reshe zai haɗiye ƙaramin, 'yan ƙaramin kuma za su yi shiru don kunya, su tafi da abin a ransu. Kowace jam'iyya umumiyya ta cika nisabinta, adadin da nizami ya ce sai da shi taro ke ɗauruwa, kuma ga babban al'amari irin wannan ina ganin a nemi kashi biyu cikin uku na mahalarta, ba rinjayen mutum ɗaya ba.

In duka biyun sun yarda, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa mai wakilai daidai wa daida, ko da ɗaya reshen ya ninka ɗayan. Aikinsa na farko ƙirga ne. Kujeru nawa, tabarmi nawa, rumfar makoki, manyan tukwane, lasifika, janareta, rigunan ƙwallo. Kuɗi nawa ne a hannu, nawa ne a Bankak, manhajar banki ta waya, kuma a lambar wa. Wa ake bi bashi, wa ke bin reshe bashi. A rubuta, amin mal, wato ma'aji, na kowane ɓangare ya sa hannu, shaidu biyu su sa.

Na taɓa halartar haɗewar wasu rassa biyu inda aka tsallake wannan ƙirga saboda kowa yana cewa ai mu 'yan'uwa ne. Bayan 'yan watanni aka yi rasuwa a gida biyu rana ɗaya, rumfa kuwa ɗaya ce. 'Yan tsohon reshen da ya saye ta suka ce tasu ce, ɗaya ɓangaren suka ce an riga an zama ɗaya. A gaban masu makoki aka yi ta ce-ce-ku-ce. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin takarda guda da an rubuta da ta hana wannan abin kunya.

Asusun taimakon rashin lafiya da rasuwa shi ya fi komai tsauri. In wani reshe ya shekara biyar yana tarawa, ɗayan kuma bai da ko sisi, a faɗi gaskiya a fili, a yanke ko za a zuba shi gaba ɗaya, ko za a ware shi na wani lokaci. Adashin da wasu mambobi ke yi a tsakaninsu kuwa, wanda a nan ake ce wa sanduk, ba kuɗin reshe ba ne, kada a taɓa shi.

Sai suna da shugabanci. Suna yana da nauyi fiye da yadda ake zato. In za a iya, a ɗauki sabon suna ko a haɗa na unguwannin biyu. Shugabannin da ke kai duka su sauka, kwamitin haɗin gwiwa ya riƙe na wata uku zuwa shida, sannan a yi sabon zaɓe da littafi ɗaya. A ƙarshe uwar ƙungiya ta amince a rubuce, a karɓe tsofaffin hatimai biyu, a sanar da ofishin da aka yi rajista.

Shugaban reshenmu ya haura arba'in da biyar, ya shekara tara a kai, ba a taro, ba lissafi. Kuma yayanmu ne, muna jin nauyinsa.

Jin nauyin nan tarbiyya ce, kada ku yar da ita. Amma ba ta hana a yi gyara. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta 2006 ta sa matashi tsakanin shekara 15 zuwa 35, ƙungiyoyi da yawa kuma da ita suke auna nasu. In nizaminku bai faɗi iyakar shekaru da wa'adi ba, wannan ne gyaran farko.

Ku fara samunsa a gida, ku biyu ko uku, tare da dattijon da yake jin maganarsa. Sau da yawa irin wannan mutum ba son mulki ne ya riƙe shi ba, tsoro yake kada abin da ya gina ya rushe, ko kuma lissafin ya rikice masa yana jin kunyar faɗa. Ku buɗe masa ƙofa: majalisar masu ba da shawara, inda tsofaffin shugabanni ke zama da girmansu ba tare da riƙe kuɗi ko hatimi ba. In ya ƙi, sai ku bi nizami, ku tara sa hannun adadin mambobin da ya tanada, ku nemi uwar ƙungiya ta kira taron gaggawa. Kada ku kai maganar Facebook.

Ranar miƙa ragama, taslim da tasallum, a yi ta da takarda kamar ta haɗewa. Kuma daga ranar kuɗin reshe ya daina kwana a akwatin mutum ɗaya. Da aka canja takardun fam 500 da 1000 a Disambar 2024, ta banki aka yi canjin, kuma duk mai riƙe da kuɗin jama'a a gida ya ga wahalar da ke cikin haka. A buɗe asusu da sunan ƙungiya in hali ya yi, cirewa sai da sa hannun mutum biyu.

Yaya, mu 'yan mata a buɗe mana reshenmu daban ne, ko mu zauna cikin na maza?

Ƙanwata, ya danganta da garin. Inda iyaye ba za su bar 'ya'yansu mata zama taro ɗaya da samari ba, reshe daban shi ne zai sa ku fito, to a buɗe shi da cikakken iko: littafinsa, amin mal ɗinsa, ƙuri'arsa a taron uwar ƙungiya. Abin da ba na so shi ne a kira ku "ɓangaren mata" a tuna da ku ranar girki kawai. Duk wanda ya ga takiyyoyi, wuraren girkin sadaka, da suka ciyar da unguwanni a wannan yaƙi ya san su waye ke tsaye kan tukwane tun asuba, su waye kuma suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Mai wannan sani ya cancanci kujera inda ake yanke yadda za a kashe kuɗi.

Sai mun nemi izinin sarki ko shehun unguwa?

Izini na uwar ƙungiya ne da hukuma, amma gaisuwa da sanarwa wajibi ne a al'adarmu. Ku je tun kafin a ji a bakin wani. Ku gai da shugabannin maƙwabtanku na sauran ƙabilu ma. Bayan rikicin ƙabilanci da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, wanda ya raba dubban mutane da gidajensu, bai kamata a bar kowa yana hasashen me matasan Hausawa ke taruwa a kai ba. Ku gayyace su gayyarku ta farko, su gani da idonsu. Reshe kuma kada ya zama ofishin wata jam'iyya ko wani ɓangare mai ɗauke da makami, a rubuta wannan ƙarara a nizami.

In reshe ya mutu murus, kayansa na wa ne?

Ba na shugaban ƙarshe ba ne, ba a kuma raba su tsakanin waɗanda suka rage. Uwar ƙungiya ta turo mutum biyu su ƙirga, a fara biyan bashi, sauran a miƙa wa reshe mafi kusa a matsayin amana, a sa wa'adi, misali shekara biyu. In matasan unguwar sun sake tashi a cikin wa'adin, a mayar musu da kayansu. Littafin rajista da mahadar kuwa uwar ƙungiya ce za ta adana su, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye a hannun mutum uku da ke garuruwa daban-daban.