Sororiti: Ƙungiyar 'Yan'uwantaka ta Ɗalibai Mata a Amurka

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata a jami'o'in Amurka da Kanada, wadda 'ya'yanta ke riƙon juna a matsayin 'yan'uwa har bayan kammala karatu. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin 'yar'uwa. Mafi daɗewa ita ce wadda aka kafa a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan da ke Macon, jihar Jojiya, yau ana kiranta Alpha Delta Pi. A 1902 aka kafa majalisar National Panhellenic Conference, wadda a yau ke da ƙungiyoyin sororiti 26 a ƙarƙashinta.

Shiga ba ta cika takarda kawai ba ce. A Jami'ar Alabama da ke Tuskalusa, 'yan mata sama da 2,000 kan yi sammakon zuwa makaranta a watan Agusta, tun ba a fara darasi ba. Kwana da kwanaki suna zagaya gidajen ƙungiyoyin cikin zafi, an ci kwalliya, ana hirar 'yan mintoci da tsofaffin mambobi. Bayan kowane zagaye yarinya ta jera gidajen da take so, gidajen su ma su tace sunaye, kwamfuta ta haɗa. A rana ta ƙarshe kowacce ta buɗe ambulan, ta ruga gidan da ya karɓe ta. Wannan biki ne ya cika TikTok a 2021.

Amfanin ba ƙarami ba ne. Yarinyar da ta baro iyayenta ta samu wurin kwana da abokan cin abinci, a haɗa ta da wata babba mai kula da ita kamar uwar ɗaki. Akwai makin da dole ta riƙe a karatu, akwai aikin taimako: tun 1999 ƙungiyar Delta Delta Delta ke tara wa asibitin yara na St. Jude kuɗi. Tsofaffin mambobi kuma kan yi wa ƙannensu hanyar aiki.

Matsalar tana bakin ƙofa. Kuɗin zama mamba a manyan jami'o'in kudu na kai dubban daloli a shekara, ban da sutura, don haka 'yar talaka sai dai kallo. Hirar minti kaɗan ba ta isa a san halin mutum ba, sai a koma duba fuska da kaya da asali. An daɗe ana fifita wadda uwarta ko yayarta ta yi ƙungiyar. Wadda aka tsame kuwa da wannan ciwon za ta fara jami'a, kuma ba a gaya mata dalili.

Launin fata ma ya daɗe yana tsare ƙofar. Baƙaƙen mata sun kafa nasu, farawa da Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, ƙungiyar da Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, 'yarta ce. Har a 2013 sai da jaridar ɗaliban Alabama ta fallasa yadda tsofaffin mambobin da suka kammala karatu ke hana karɓar baƙaƙe, sannan hukumar jami'ar ta sa baki. Musulmi mata su ma sun kafa Gamma Gamma Chi a 2005, ba giya, ba cuɗanya da maza a shagali.

Wulaƙanta sababbin shiga da sunan gwaji haramun ne a dokokin ƙungiyoyin, amma bai ƙare ba. A Disamban 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka a rahotonsu na shekara.