Gaɓar Tekun Amalfi

Gaɓar Tekun Amalfi, wadda Italiyawa ke kira Costiera Amalfitana, yanki ne na bakin teku a kudancin Italiya, cikin lardin Salerno na jihar Campania, wanda ya yi suna a harkar yawon buɗe ido saboda garuruwansa da aka gina a jikin duwatsu masu gangarawa kai tsaye cikin ruwa. Yankin yana gefen kudu na zirin ƙasar Sorrento, ya faro daga Positano a yamma ya ƙare a Vietri sul Mare a gabas, yana kallon mashigin tekun Salerno na Bahar Rum. Ƙananan hukumomi 13 ne suka haɗu suka zama yankin, kuma a shekarar 1997 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, bisa la'akari da yadda mazaunansa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sarrafa ƙasa mai wuyar zama har ta zama gonaki da garuruwa.

Yanayin ƙasa

Duwatsun Lattari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,400, su ne ƙashin bayan yankin. Duwatsun farar ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye ya bar kwazazzabai masu zurfi, kuma akasarin garuruwan sun zauna ne a bakin waɗannan kwazazzabai, inda rafi ke shiga teku ya bar ɗan fili da za a iya jan jirgi a kai. Da yake shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yi ƙaranci, gidaje sun hau kan juna, rufin wannan yana daidai da ƙofar wancan, lunguna da yawa kuma matakala ne waɗanda mota ba ta shiga. Wannan ƙuncin wuri shi ne ke tsara kusan duk abin da maziyarci zai tarar, tun daga tsadar masauki har zuwa tsawon lokacin da tafiyar kilomita goma za ta ci. Watannin Yuni zuwa Agusta na zafi ne da ƙarancin ruwan sama, yayin da ruwa ke yawaita daga Oktoba zuwa Janairu.

Tarihi

Mai kallon garin Amalfi a yau, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin 5,000 ba, da wuya ya gane cewa ya taɓa zama babbar cibiyar fataucin teku. A shekarar 839 garin ya ɓalle daga ikon sarakunan Benevento ya soma cin gashin kansa, kuma a ƙarni na 10 da na 11 fatakensa suna kai da komowa tsakanin Kustantiniyya, Masar, Sham da Arewacin Afirka, suna kai katako da sauran hajoji, suna dawowa da zinariya, siliki da kayan ƙamshi. Masanin ƙasashe Ibn Hauƙal, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya ambaci Amalfi a matsayin gari mafi arziki a wannan sashe na Italiya. Alaƙar da ke tsakanin garin da ƙasashen Musulmi ta yi ƙarfi har ya buga kuɗin zinariya mai suna tari, wanda aka kwaikwayo daga rubu'in dinarin Larabawa, da rubutu irin na Kufa a jikinsa. Fataken Amalfi ne kuma suka kafa asibitin masu ziyara a birnin Ƙudus a ƙarni na 11, wanda daga baya ya haifar da ƙungiyar mayaƙan Waliyi Yahaya. Dokokin teku na garin, da ake kira Tabula Amalphitana, an ci gaba da aiki da su a tashoshin jiragen yankin har zuwa ƙarni na 16.

Wannan ɗaukaka ba ta daɗe ba. Normawa, mayaƙan da suka fito daga arewacin Faransa, sun karɓe garin a 1073, sarkinsu Roger na Biyu ya kammala mallake shi a 1131, sannan rundunar birnin Pisa ta washe shi sau biyu, a 1135 da 1137. A 1343 igiyar ruwa mai ƙarfi ta rushe tashar jiragen da wani ɓangare na garin. Daga nan yankin ya koma ƙauyukan masunta da manoma, masu fama da hare-haren 'yan fashin teku, abin da ya sa aka gina hasumiyoyin gadi a kan kusan kowane dutse da ya kutsa cikin ruwa. Da yawansu suna nan tsaye, wasu an mayar da su gidajen abinci ko masaukai. A ƙarshen ƙarni na 19 talauci ya kori ɗimbin jama'a zuwa Amurka, musamman daga Positano. Yawon buɗe ido irin na zamani ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ana yawan danganta shaharar Positano a wajen Amurkawa da wata maƙala da marubuci John Steinbeck ya wallafa a kan garin a 1953.

Shiga yankin da zirga-zirga a cikinsa

Hanyar mota guda ce ta ratsa gaɓar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wato SS163, mai tsawon kimanin kilomita 50, wadda aka sassaƙa a jikin dutse a ƙarni na 19 zamanin sarakunan Bourbon na Napoli. Kafin a yi ta, garuruwan suna haɗuwa ne ta jirgin ruwa ko ta turbar alfadarai. Hanyar ƙunci gare ta, ga kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya da rami mai zurfi zuwa teku a ɗaya hannun, kuma a wurare da dama manyan motoci biyu ba sa iya gilmawa sai ɗaya ta ja da baya. Ita kanta hanyar tana cikin abubuwan da ake zuwa gani, sai dai wanda ke riƙe da sitiyari ba ya samun rabonsa na kallon, shi ya sa maziyarta da yawa ke gwammace shiga motocin bas na kamfanin SITA ko ɗaukar direba ɗan yankin. Wurin ajiye mota kaɗan ne, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba.

Layin dogo ya taɓa yankin ne a Vietri sul Mare kawai. Mafi yawan baƙi suna sauka a filin jirgin sama na Napoli, daga nan su hau ƙaramin jirgin ƙasa na Circumvesuviana zuwa Sorrento, ko kuma jirgin ƙasa mai gudu zuwa Salerno, sannan su ƙarasa da bas ko jirgin ruwa. An sake buɗe filin jirgin sama na Salerno ga jiragen fasinja a watan Yulin 2024. Jiragen fito suna aiki galibi daga Afrilu zuwa Oktoba tsakanin Salerno, Amalfi, Positano, Sorrento da tsibirin Capri, kuma daga cikin teku ne ake ganin ainihin fasalin garuruwan, domin ta wannan fuska aka tsara su tun asali. Idan teku ta yi fushi akan dakatar da jiragen ba tare da dogon gargaɗi ba, musamman a Positano inda babu tasha mai kariya sosai.

Garuruwa da wuraren ziyara

Zuciyar garin Amalfi ita ce babbar majami'ar Waliyi Andarawus, wadda ake hawa matakala 62 kafin a kai ƙofarta. An ƙera ƙofofinta na tagulla a Kustantiniyya a ƙarni na 11, kuma a 1208 aka kawo abin da ake ɗauka ƙasusuwan waliyin ne daga wannan birni aka ajiye a ƙarƙashin ginin. A gefenta akwai farfajiyar Chiostro del Paradiso, wadda aka gina tsakanin 1266 da 1268 a matsayin maƙabartar manyan gari, da siraran ginshiƙai da bakan gizo masu sarƙe da juna, waɗanda duk wanda ya san gine-ginen Larabawa zai gane tushensu nan take. A can cikin kwarin da ke bayan gari akwai gidan tarihin takarda, cikin wata tsohuwar masana'anta, domin Amalfi na cikin wuraren farko a Turai da suka koyi yin takarda daga Larabawa, suna daka tsummokaran auduga da ƙarfin ruwan rafi. Har yau ana yin irin wannan takarda da hannu. A dandalin bakin teku akwai mutum-mutumin Flavio Gioia, wanda al'adar gari ke cewa shi ya ƙirƙiro kamfas, na'urar nuna alƙibla ta matuƙan jirgi, ko da yake masana tarihi suna shakkar ko an taɓa yin mutum mai wannan suna.

Positano shi ne garin da aka fi ɗauka a hoto, da gidajensa masu launin ruwan hoda da rawaya, da ƙubbar majami'ar Santa Maria Assunta da aka lulluɓe da tangaran mai ƙyalli. Daga bakin ruwansa ana hango tsibiran Li Galli, waɗanda tatsuniyoyin Girkawa suka ce mazaunin wasu halittu ne masu yaudarar matuƙan jirgi da waƙa. Shi ne kuma mafi tsada, kuma duk inda mutum zai je a cikinsa sai ya hau ko ya sauka, don haka bai dace da mai ciwon gwiwa ko mai kaya masu nauyi ba.

Ravello ya sha bamban da sauran domin yana kan tudu, kimanin mita 350 sama da teku, nesa da hayaniyar bakin ruwa. An san shi da lambunan Villa Rufolo, gidan wasu attajirai na ƙarni na 13, inda ake gudanar da bikin kaɗe-kaɗe duk shekara tun 1953, da kuma Villa Cimbrone, mai wata baranda a bakin dutse da ake hango gaɓar da teku daga kanta. Atrani, wanda ke manne da Amalfi, shi ne ƙaramar hukuma mafi ƙanƙantar fili a Italiya. A Conca dei Marini akwai kogon Grotta dello Smeraldo, wanda wani masunci ya gano a 1932, inda hasken rana ke ratsowa ta ƙarƙashin ruwa ya mayar da shi kore shar. Furore na da kwazazzabo da teku ke shiga cikinsa, da gada mai tsayin kusan mita 30 a samansa. Maiori ke da rairayin bakin teku mafi tsawo a yankin, Minori na da kangon gidan wani attajirin Rumawa na ƙarni na 1, Vietri ya ƙware a tangaran mai zane, Cetara kuwa ya riƙe sana'arsa ta su, kuma an san shi da colatura di alici, wani romo mai gishiri da ake tacewa daga ƙananan kifaye da aka jera a ganga.

Gonakin lemu da tafiyar ƙafa

Abin da ya fi bai wa gaɓar kamanninta shi ne gonaki hawa-hawa da aka yanka a jikin tsauni, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba. A kansu ake noman lemun tsami mai suna sfusato amalfitano, mai tsawo da kaurin ɓawo da ƙamshi, wanda ya samu rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2001. Ana ɗora rassan bishiyoyin a kan rumfunan sanduna, a rufe su da raga lokacin sanyi don kare su daga iska da ƙanƙara, kuma da yake mota ba ta kaiwa yawancin gonakin, har yanzu a baya ake sauko da kwandunan lemun ta matakala. Ana amfani da shi a girki da kayan zaƙi, da kuma wata barasa mai suna limoncello.

Tsofaffin turbobin manoma da makiyaya sun zama hanyoyin masu yawon ƙafa. Wadda ta fi shahara ita ce Sentiero degli Dei, wato Turbar Alloli, daga Bomerano zuwa Nocelle, tafiyar kimanin kilomita 7 a gefen dutse can sama da teku, wadda kan ci sa'o'i uku zuwa huɗu, bayan haka kuma akwai matakala fiye da 1,500 zuwa Positano. Inuwa kaɗan ce a kanta, shi ya sa aka fi bin ta da sassafe, ko a watannin Afrilu, Mayu da Oktoba. Kwarin Valle delle Ferriere, a bayan Amalfi, akasin haka ne, domin yana da sanyi da danshi da ƙananan magangaran ruwa.

Cinkoso da haɗarin zaftarewar ƙasa

A watannin Yuli da Agusta, da kuma makon Ista, yawan baƙi kan wuce abin da hanya ɗaya za ta iya ɗauka, har motoci su yi jerin gwano na kilomitoci, motar ɗaukar marasa lafiya ma ta rasa ta inda za ta bi. Saboda haka tun 2022 hukumomi suka shigo da tsarin karɓa-karɓa a kan SS163 a ranakun cinkoso: ana duba lambar ƙarshe ta mota, waɗanda tasu ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 suna da ranakunsu, sauran ma suna da nasu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Dokar ba ta shafi mazauna yankin, motocin tasi da bas na haya ba. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa otal-otal da gidajen abinci da dama sukan rufe.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta ƙasar kanta. Katangun gonaki su ke riƙe da ƙasa da ruwa a jikin tsauni, kuma yayin da matasa ke barin wahalar noman lemu suna komawa aikin otal, gonakin da aka yi watsi da su suna rushewa, ruwan sama ya kwaso laka da duwatsu ya gangaro kan garuruwa. Ambaliyar Oktoban 1954 ta hallaka mutane fiye da 300 a Salerno, Vietri, Maiori, Minori da kewaye, ta Satumban 2010 ta ratsa tsakiyar Atrani, sannan a Fabrairun 2021 zaftarewar ƙasa ta yanke SS163 a cikin garin Amalfi, aka shafe makonni ana gyara kafin a sake buɗe ta ga ababen hawa.