Almakashi, Ɗakin Ajiya da Gargaɗi: Yadda Aka Yi da Tsofaffin Fina-finan Waƙa

A watan Fabrairun 2024 hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, BBFC, ta sake duba Mary Poppins, fim ɗin waƙe-waƙe da Disney ya fitar a 1964, lokacin da ake shirin mayar da shi sinima don cikarsa shekara 60. Tun fitowarsa yana rukunin U, na kowa da kowa. Sai hukumar ta ɗaga shi zuwa PG, wato iyaye su sa ido. Dalilin kalma ce da wani tsohon hafsan sojan ruwa ya furta sau biyu a ciki. A karo ɗaya ya hango masu share bututun hayaƙi suna rawa a rufin gidajen Landan, fuskokinsu baƙi ƙirin da kunkunniya, sai ya kira su da sunan rainin da Turawan Holan suka laƙaba wa al'ummar Khoikhoi ta kudancin Afirka. Ba a yanke komai ba, ba a hana yara kallo ba, amma jaridun Ingila suka yi caa kamar an banka wa fim ɗin wuta.

Wannan rigima ta daɗe. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood tana bin wani kundin ƙa'idoji da ya hana tsiraici da ashar, har da soyayya tsakanin baƙi da fari a mafi yawan shekarunsa. Amma bai ga laifin Bature ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata ba. Haka Al Jolson ya yi a The Jazz Singer tun 1927, haka Bing Crosby a Holiday Inn na 1942.

Da zamani ya juya, abin da aka fara ɗauka almakashi ne, a ɓoye. A 1969 Disney ya cire wata baƙar baiwa mai yi wa fararen 'yan mata hidima daga fim ɗinsa na katun mai suna Fantasia, bai ce wa kowa uffan ba. Wasu gidajen talabijin suka riƙa tsallake waƙar da ke da shafa baƙi a Holiday Inn. Song of the South, fim ɗin Disney na 1946 kuwa, wanda ya nuna rayuwar baƙaƙe a gandayen kudancin Amurka tamkar zaman jin daɗi, rabonsa da sinima tun 1986. An kulle shi a Amurka, alhali waƙarsa ta ci kyautar Oscar, kuma jarumin fim ɗin, James Baskett, bai samu halartar bikin fara nuna shi a Atlanta ba saboda wariyar launin fata.

Fim ɗin waƙa yana da wuyar taɓawa, kuma duk wanda ya tashi da fina-finan Indiya ya san dalili: waƙar ita ce fim ɗin. Sau da yawa kuma ɓarnar a cikinta take. A Seven Brides for Seven Brothers na 1954, samari shida 'yan gida ɗaya suna sato 'yan mata daga gari da ƙarfi, bayan an zuga su da waƙa mai daɗin kiɗa. A Carousel na 1956, miji yana dukan matarsa, labarin kuma yana nema masa uzuri. Ina za a sa almakashi a nan?

Daga nan gargaɗi ya samu shiga. A 2005 kamfanin Warner ya sa Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa a faifan tsofaffin katun ɗinsa, tana cewa goge su daidai yake da ƙaryata cewa an taɓa yin haka. Da aka buɗe Disney+, dandalin kallon fina-finan Disney ta intanet, a 2019, an maƙala wa irin su Dumbo da Peter Pan ɗan gajeren rubutu cewa akwai tsohon tunani a ciki. Kisan George Floyd, baƙar fata da ɗan sanda ya kashe a Amurka a Mayun 2020, ya sa aka ƙara kaifi: daga Oktoba sai gargaɗi na daƙiƙa 12 da ba a iya tsallakewa. A 2021 tashar TCM ta Amurka, mai nuna tsofaffin fina-finai, ta nuna irin waɗannan fina-finai tare da masana suna bayani kafin a fara, wanda a ganina shi ne mafi amfani, domin an faɗi takamaiman abin da ke ciki. Gargaɗi na gama-gari ba ya gaya wa uwa ko akwai duka ko satar mace a fim ɗin da za ta kunna wa 'ya'yanta.

Shi ma gargaɗin iskar siyasa na kaɗa shi. A Fabrairun 2025, makonni kaɗan da komawar Donald Trump mulki, Disney ya yanke shawarar komawa ga gajeren rubutu irin na farko, a tura shi shafin bayanin fim, inda sai wanda ya nema zai gani.