Antikor na bincike da alamomin CD

Antikor na bincike, wanda wasu ke kira antibodi, furotin ne da ake samarwa a ɗakin gwaji don ya kama wani furotin guda ɗaya tak a jikin ƙwayar halitta. Jikin mutum da kansa yana yin antikor don yaƙar cuta, amma shi wannan aikinsa awo ne: a gane ƙwaya, a ƙirga ta, a san ko tana bakin aiki.

A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka haɗa ƙwayar saifar ɓera da ƙwayar sankara, suka sami ƙwaya mai hayayyafa ba iyaka, mai fitar da antikor iri ɗaya. Sun sami kyautar Nobel a 1984. Kafin nan har ɗakunan gwaji sun cika da antikor, kowa na raɗa wa furotin ɗaya nasa suna. Taron Paris na 1982 ne ya kawo lambobin CD, wato suna ɗaya da kowa ya yarda da shi ga kowace alamar furotin da ke jikin ƙwaya, waɗanda yau sun haura 370.

Fararen ƙwayoyin jini irin limfosit kamanninsu ɗaya a madubin likita. Alamar ce ke raba su: CD3 ga ƙwayoyin T, CD19 ga B, CD4 ga masu tsara yaƙi, CD8 ga masu kisa. Wasu alamomin kuma linzami ne da ke tsayar da garkuwar jiki kada ta ci kanta, kamar CD152 da CD279, wato CTLA-4 da PD-1. Binciken James Allison da Tasuku Honjo a kansu ya buɗe sabuwar hanyar maganin sankara, ya kai su ga Nobel ta 2018.

Ana liƙa wa antikor rini mai ƙyalli, a gauraya shi da jini, a bi da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, na'ura tana ƙirgawa. A Nijar an fi sanin wannan ta gwajin CD4 na masu sida. Lafiyayye yakan sami ƙwayoyi masu CD4 500 zuwa 1,500 a mikrolita ɗaya na jini. Ƙasa da 200 cutar ta yi nisa. Zazzaɓin cizon sauro ma yana da hannu a nan, domin jajayen ƙwayoyin jinin da Plasmodium falciparum, mai haddasa zazzaɓin, ya shiga suna manne wa bangon jijiya ta CD36 da CD54. Wannan fanni ya cancanci kulawar masu bincike a CERMES, cibiyar binciken lafiya, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Babbar matsala zafi ce. Antikor mai rini yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, cikin duhu, alhali Yamai takan wuce 40 a watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Kwalbar da ta sha rana a hanyar Tawa ba ta canza kama, sai dai ƙyallinta ya dusashe, ƙirga ta fito ba daidai ba. Shi ya sa ake fara gwada ta a kan jinin da aka riga aka san adadinsa.